Buhun Guduma

Guduma ba sunan yanka ba ne. A filin dambe ya samo shi, damben zamani irin na safar hannu da ƙararrawa, kuma duk wanda ya ga hannun mutumin nan ba ya tambayar dalili. Yatsu kamar ayaba, in ya dunƙule su kuwa sai ka ce kan jariri. Ya bar damben tun kafin aure, bayan wani ya karkatar masa da hanci, ya koma tuƙa matar wani attajiri. Kayan damben ne dai bai bari ba.

Ɗaki biyu yake haya a gidan yawa. Ɗaya nasa ne da matarsa da 'yarsu Tsigi, wadda ƙanƙantarta ta jawo mata sunan. Ɗayan kuwa na kayan ne: bencin ɗaga ƙarfe, faya-fayan ƙarfe masu rami a tsakiya, igiyar tsalle, safar dambe tsofaffi masu warin gumi, hular kare kai, da wani kofi da tsatsa ta cinye rubutunsa. A tsakiyar ɗakin, rataye da sarƙa, ga buhun naushi na baƙar fata, tsawonsa ya kusa na mutum.

Kullum da yamma zai dawo fuska a murtuke, domin matar attajirin nan bakinta ba ya hutawa. In ya yi gudu ta ce zai kashe ta, in ya tafi a hankali ta ce kunkuru ta ɗauka aiki. Shi ko sai “To, ranki ya daɗe.” Yana shigowa gida ko sallamar kirki ba ya yi, sai ya faɗa ɗakin kaya ya turo ƙofa. Daga nan sai dim, dim, dim, har kwanukan maƙwabta su riƙa rawa a kan kanta. Can ya fito sharkaf da gumi, fuska a sake, ya cilla Tsigi sama ya cafe, ya ce me aka dafa.

Maman Tsigi haukan banza take ganin wannan. Tun suna sabon aure ta ja masa kunne: ranar da hannun nan ya sauka a kanta ko a kan abin da ta haifa, ranar zama ya ƙare. Bai taɓa ba kuwa, ko ranƙwashi. Ita a tunaninta tsoron maganarta yake ji. Mace takan so ta yarda da irin wannan.

Sai ga ciki na biyu ya tsufa. Tsigi tana kwana a ƙafafunsu, kuma yarinya ce mai juyi kamar fanka, kullum sai ta tokari cikin uwarta.

“Baban Tsigi, ɗakin nan fa,” ta ce masa ba sau ɗaya ba. “Yarinya ta girma, ga wani na tafe. Buhu ne zai kwana shi kaɗai a ɗaki, mutane a cushe?”

“Zan duba,” in ji shi. Da “zan duba” ɗin nan har ta fara kasa ganin ƙafarta.

Tana da yaya mai aikin kushin, shagonta a bakin titi, mace mai ƙusa a baki da almakashi a ƙugu, wadda ba ta taɓa ganin tsohon abu ta bar shi ya huta ba. Ita ce ta leƙa ɗakin kayan ranar da Guduma ya yi tafiya da iyalan maigidansa. Ta toshe hanci, amma idonta ya yi ƙyalli.

“Ke, dukiya ce nan kike barin ɓera na fitsari a kai. Kin ga bencin nan? In na ƙara masa katako a gefe, gado ne. Buhun nan in na kwantar da shi na cika da soso, kujera ce ta 'yan gayu. Na gani a waya, haka ake yi wa yara yanzu.”

“Yaya, kin san halin mutumin nan da kayansa.”

“Zubarwa na ce a yi? Gyara ne. Komai nasa zai tarar, sai dai ya tarar da shi da amfani. In ya yi magana ki ce ni ce. Ya zo ya dake ni mana.”

Gaskiya aiki ya yi kyau, wannan ba mai musu. Yaya ta farke bakin buhun, ta zazzage abin da ke ciki: tsummokara, garin katako, da ɗan yashi a ƙulle cikin leda can tsakiya. Ko kallon yadda aka jera su ba ta yi ba, ta sa aka kai bola. Ta cusa soso, ta ɗinke, ta sa masa riga ta yadi mai furanni ruwan hoda. Benci ya zama gado, da labule zagaye da shi har ƙasa. Safar damben aka wanke, aka kafa su a bango baki sama, aka zuba fensira a wannan, mataji a waccan. Hular kare kai ta zama murfin fitila. Faya-fayan ƙarfe aka shafe da fenti ja da shuɗi, aka ɗora katako, ga tebur. Igiyar tsalle ta ɗauki labulen taga. Kofin kuwa ribom ɗin Tsigi aka tara a ciki. Matan gidan suka yi ta shigowa kallo, kowa na cewa ma sha Allah, kowa na fita tana raɗa wa 'yar'uwarta cewa za a ji su.

Da Guduma ya dawo, Tsigi ce ta ja shi da yatsa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana bin bango da kallo. Ya dubi ƙugiyar da ke rufi, wayam. Ya dubi abin furannin da ke kwance.

“Wannan fa?”

“Kujerata ce, Baba. Zauna ka ji laushi.”

Ya danna da yatsa ɗaya, yatsan ya nutse. Ya juyo wajen matarsa.

“Ina abin da ke ciki?”

“Shara ce, an zubar. Yaya ce ta yi aikin.”

Yayar matarsa ce, ko ido ba ya iya haɗawa da ita, balle zagi. Ya fita bai ci abinci ba. Maman Tsigi ta ce a ranta zai saba.

Washegari ya dawo daga aiki, ƙafarsa ta kai shi ƙofar ɗakin da kanta, sai ya ga yarinya kwance tana zane. Ya yi tsaye, hannu na buɗewa yana rufewa. Ya juya ya naushi ƙofar banɗaki. Ƙofar kwano ce, ta lotsa ta fice daga hinjinta, kuma akwai tsohon tela a ciki a tsugune. Ranar an sha dariya. Rana ta gaba ba a yi dariya ba, domin rediyon maƙwabci ne ya dame shi, ya ɗauka ya maka da ƙasa, mai rediyon ya yi magana, Guduma ya shaƙe shi ya ɗaga sama har takalmansa suka zube. Sai da mutum uku suka ɓanɓare shi.

A ɗaki kuwa shiru ya yi yawa. Ya daina cilla Tsigi sama. Wata rana ta ture kofin shayinsa, ya zabura hannu a sama, ya tsaya yana huci, sannan ya sauke hannun a kan faranti. Farantin tangaran ne, ya tarwatse, wani ɓallin ya yanki Maman Tsigi a ƙauri. Tana goge jinin ne ta gane abin da ba ta so ganewa ba. Duk shekarun nan ba maganarta ke tsare su ba. Buhun ne yake karɓar dukan da ya kamata ya sauka a kan wani, su kuma sun kwantar da shi sun sa masa riga.

Ta yi niyyar ta je wajen Yaya da safe a warware aikin. Safiyar ce ta riga ta.

A bakin layi akwai mai facin taya, mutum mai baki kamar reza. Guduma ya tsaya a ƙara masa iska, mai faci ya ɗago yana murmushi, direbobi na zaune a benci.

“Guduma, ashe buhunka ya tuba? An ce yanzu zanen furanni yake ɗaurawa. Kai ma an ɗinka maka naka, ko sai wata mai zuwa?”

Naushi ɗaya ne. Waɗanda suka gani sun ce ƙarar kamar an fasa kankana. Mai faci ya bi ta kan tulin tayoyi ya faɗa cikin bahon ruwan da yake gwada tub, ruwan ya koma ja. Wani direba ya rarumo ƙarfen cire taya ya sauke wa Guduma a kafaɗa, Guduma ya karɓe ƙarfen ya jefar, ya kama kan direban ya buga da gwiwa. Aka yi ta tsintar haƙora a ƙasa ba a san na wane ne ba. Da ya ga mutumin cikin baho ba ya motsi, sai hankalinsa ya dawo, ya bar mota a nan ya ruga gida.

Maman Tsigi na wanke-wanke ta ga ya wuce ta, riga duk jini. Ya shige ɗakin Tsigi, ya ɗaga labulen gado, ƙaton mutum ya cusa kansa ƙarƙashin bencinsa na da. Ba a jima ba 'yan sanda suka cika tsakar gida.

“Ina mijinki?”

“Ya fita aiki tun safe,” ta ce, hannu a kan ciki.

Suka duba ɗakin kwana, suka duba bayan randa. Wani mai tumbi ya leƙa ɗakin yarinya, ya ga safar dambe cike da fensira, ya yi dariya.

“Kai, wa ya yi miki wannan? 'Yan mata, ina Baba?”

Tsigi na zaune a kan kujerar furanni. “Yana ƙarƙashin gadona. Ya ce in yi shiru.”

Da ƙafa suka jawo shi. Ya shuri ɗaya a ƙirji, mutumin ya faɗa kan tebur, katakon ya rabe biyu. Kulake suka yi ta sauka, a baya, a kai, a gwiwa. Fitila ta fashe, fensira suka watse, jini ya fantsama a sabon labule. Maman Tsigi ta fizgo 'yarta ta tura fuskarta cikin zani. Da ƙyar suka sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya turje, ido ɗaya a kumbure, ya dubi yarinyar da ɗayan.

“Ke kika nuna ni ko? Zan dawo. Ni da ke ne.”

Bai ɗaga murya ba, shi ya sa uwar ta san da gaske yake.

Kafin azahar tana shagon Yaya. “Ki ajiye abin da kike yi. Buhun nan yau zai koma yadda yake.”

“Bayan duk wahalar da na sha? Rigar kaɗai...”

“Yaya, 'yata zai daka.”

Yaya ta tofar da ƙusoshin bakinta a tafin hannu ta ɗauko almakashi.

Suka tuɓe wa buhun riga, suka zare soso. Sai tambaya ta taso, me za a zuba?

“Ba yashi na gani a ciki ba?” in ji Yaya.

“Da tsumma.”

“Tsumma ai don ba shi da yashi isasshe ne, talauci ne. Mu cika masa da yashi zalla, ya samu abin duka na gaske.”

A bayan gida kuwa ga tulin yashi, mai laushi, launin toka-toka, a tattare tsaf kamar an ajiye musu. Mai gidan haya ne ya sa magini zai yi shafen katanga, maginin ya tafi wani wuri bai dawo ba. Suka kwashe shi tas da bokiti. Yaya kuma tana da ƙa'idarta ta aiki wadda take alfahari da ita: abin da ta cusa ba ya lotsawa. In ta zuba bokiti ɗaya sai ta yayyafa ruwa don ya zauna, ta kirɓa da guntun katako, sannan ta ƙara wani. Haka har baki. Ta ɗinke da zaren taya. 'Yan dako huɗu ne suka ɗaga shi, suna nishi suna tambaya ko gawar jaki ce a ciki, suka rataye shi a ƙarfen da ke ɗauke da tankin ruwa a tsakar gida, tunda rufin ɗaki ba zai iya ba.

“Ya daka har jikokinsa,” in ji Yaya tana karkaɗe hannu. “Wannan ba zai lotsa ba.”

Mai faci bai mutu ba, muƙamuƙi ne aka ɗaure masa da waya, unguwa ta huta da bakinsa. Guduma ya kwana ya sake kwana a hannun hukuma, har matar attajirin ta gaji da rashin wanda za ta zaga a mota, ta sa mijinta ya yi magana. Aka aiko cewa da la'asar za a sako shi.

Ranar ce maginin ya dawo. Maman Tsigi tana shanya ta jiyo shi a bayan gida yana zage-zage.

“Wane marar tsoron Allah ne ya kwashe min haɗi? Yashi da siminti na gauraya, ruwa kawai ya rage in zuba.”

Ta tsaya da rigar Tsigi a hannu. A hankali ta taka zuwa gindin tanki, ta ƙwanƙwasa buhun da bayan yatsa. Yatsan ne ya yi zafi. Ta tura shi da hannu biyu, ko gezau. A waje fata ce baƙa sumul kamar da, a ciki kuwa ginshiƙi ne.

Ta ce a ranta dole ta faɗa masa da ya shigo. Ta ma shirya yadda za ta fara: Baban Tsigi, tsaya ka ji, kuskure aka yi. Ta sa yarinyar a ɗakinta, ta ce ta zauna ta yi zane kada ta fito, ta jawo ƙofa, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofar da cikinta a gaba.

Ya shigo ba takalmi, rigar nan ta jini ta bushe a jikinsa. Matan gida suka kwashe 'ya'yansu suka shige, labulaye suka ɗan ɗaga. Bai dubi kowa ba. Kai tsaye ya nufo ta.

“Sannu da zuwa, Baban Tsigi.”

“Ina take?”

“Ka zauna ka sha ruwa tukuna.”

“Matsa.”

“Yarinya ce. Tambayarta aka yi ta amsa.”

“Kin san abin da suka yi mini a can? Kin san inda na kwana? Matsa, ko in matsar da ke.”

Ta dubi hannunsa na dama. A dunƙule yake, jijiyoyi sun tashi. A bayanta, ta cikin ƙofa, tana jin ƙarar fensir a kan takarda. Maganar da ta shirya tana nan a bakinta. Ta haɗiye ta.

“Ga buhunka can, mun mayar maka,” ta ce. “Ka fara da shi. In ka gama, ga ni ga ta.”

Ya waiga. Ya ga abinsa baƙi a rataye, ba furanni, ba riga. Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa kamar na bijimin sa. Bai nemi safa ba, bai naɗe hannu ba. Ya taho da gudu tun daga bakin ƙofa, ya zuba duk nauyinsa da na matar attajiri da na kulake a cikin naushi ɗaya.

Ƙas. Kamar an karya busasshen ice a gwiwa.

Buhun bai motsa ba. Guduma ya tsaya yana kallon hannunsa. Yatsun sun koma inda ba nan Allah ya sa su ba, wuyan hannun ya lanƙwashe, wani farin abu ya leƙo ta fata kafin jini ya rufe shi. Zafin bai iso ba tukuna, haushi ne ya riga shi, ya ɗaga ƙafa ya shuri buhun da ƙafar da ba takalmi. Sai a sannan ya yi ƙara, ya zube a gindin tanki yana birgima, yana kiran uwarsa da ta daɗe a ƙasa.

Tsohon tela ne ya fara fitowa. Ya zagaya buhun, ya ƙwanƙwasa shi da sandarsa, ya koma ɗaki, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Maman Tsigi ta yage gefen mayafinta ta ɗaure hannun, ta aika a kira mai mota. A asibiti aka sa ƙarafa, aka naɗe da filasta har gwiwar hannu, babban yatsan ƙafa ma aka naɗe. Likita ya ce zai riƙe sitiyari, zai riƙe cokali, amma dunƙulewa kam hannun ya yi ta ƙarshe.

Da allura ta sake shi ya buɗe ido, ya gan ta zaune a gefen gado tana ɓare lemo.

“Me kuka zuba a ciki?”

“Yashi. Ashe magini ya haɗa da siminti. Yaya ba ta sani ba.”

Ya dubi rufi, sannan ya ce, “Ke fa?”

Ta cire zaren jikin lemon ɗaya bayan ɗaya. “Ni na sani kafin ka shigo.”

Ya juyo da kai a hankali. Ba ta kau da ido ba.

“Saura na hagu,” ta ce. “Ka yi tunani da kyau inda za ka sa shi. In buhu kake so, ka faɗi abin da ake zubawa, a yi maka na gaske, ka rataya a gindin tanki. Ɗaki kam na Tsigi ne.”

Guduma ya ɗaga hannun hagun ya duba gaba da baya, kamar yau ya fara ganinsa. Sannan ya tura shi ƙarƙashin cinyarsa ya danne.

“Tsumma ne,” ya ce. “Tsumma da garin katako. Yashin kaɗan ake sawa, a tsakiya.”

“To,” in ji ta, ta miƙa masa lemon a baki.